Yadda Ake Shirya Ɗakin Sauraro A Gida

Da yawa daga cikinku, in kun gama koyon aikin malanta, ɗakin siminti mai rufin kwano za ku samu, ko a cikin garin Bauchi ko a ƙauye. Na kuwa san da albashin fari za ku sayi rediyo ko lasifika. Sai mutum ya kunna, ya ji magana tana cakuɗewa, ya ce ɗan kasuwa ya cuce shi, ya shiga tara kuɗin wata babba. To, sau da yawa laifin na ɗakin ne, akwatin lafiyarsa lau.

Ga dalili. Sauti yana tafiya cikin iska wajen mita 343 a sakan ɗaya, da zafin bazara ma yakan ɗara haka kaɗan. In ya bugi abu mai tauri sai ya komo. Duk wanda ya taɓa ƙwala kira a gindin duwatsun da ke kewaye da Bauchi ya san amsa-kuwwa. Can dutsen yana da nisa, shi ya sa ake jin kira dabam, amsa dabam. Sai bango ya yi nisan kamar mita 17 kunne ke iya rabe su. A ɗaki kuwa bango na kusa, sabo da haka amsar takan hau kan magana tun ba a gama faɗinta ba, kalma ta danne kalma.

Wanda ya fara auna wannan abu sosai wani malami ne na Jami'ar Harvard a Amurka, Wallace Sabine. A 1895 aka ba shi aikin gyara wani ɗakin lacca inda sauti kan yi fiye da sakan 5 bai mutu ba. Da dare, in gari ya yi tsit, sai a yi ta jido matasan kujeru daga wani zaure, yana ƙarawa yana aunawa da agogo. Ya tarar gwargwadon yawan kaya masu laushi, gwargwadon saurin mutuwar sautin. Ɗakin sauraro na gida ana so ya mutu cikin kamar rabin sakan, ko ƙasa da haka.

Kai ba ka bukatar agogo. Tsaya tsakiyar ɗaki ka yi tafi ɗaya da ƙarfi. In ka ji wata 'yar ƙara tana karkarwa bayan tafin, bangaye biyu ne masu fuskantar juna ke ta jifan juna da sautin. Shimfiɗa darduma a ƙasa, rataya labule mai nauyi a taga, jingina kantar littattafai a bango guda, sa'an nan ka sake tafawa.

In lasifika biyu gare ka, nisan da ke tsakaninsu ya zama daidai da nisan kowace zuwa mazauninka. Sa'an nan ka zauna, ka sa yaro ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe. Inda ka hango lasifika cikin madubin, nan ne sauti ke fara bugu ya iso kunnenka. Rataya gwado ko bargo a wurin, ka ninka shi.

Sauti mai kauri, irin na ganga, shi ne mai taurin kai. Tabarma da labule siririn sauti kaɗai suke sha, mai kauri ratsa su yake yi. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ma kusan aikin banza ne, sai tara kyankyasai. Shi mai kaurin a kusurwa yake taruwa, don haka kada a cusa lasifika a lungu, kada kuma mai sauraro ya jingina kansa da bango. Tsohuwar katifa in an tsayar da ita a kusurwa tana ragewa. In kana da zaɓi, guji ɗakin da tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne, gama can murya guda za ta riƙa kumbura ta rinjayi sauran.

Ni a ganina soron ƙasa na iyayenmu ya fi ɗakin siminti daɗin sauraro. Kaurin bangonsa yana tare hayaniyar waje, azara kuma tana warwatsa sauti. Kwano kuwa, da ruwan Agusta ya sauko, sai a kashe rediyo. Maganinsa sili, a kuma bar sarari tsakaninsa da kwanon.

In za ka gwada aikinka, da magana za ka gwada, don kunne ya fi sanin muryar mutum. Ni nakan sa jawabin da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya koyar a Midil ta Bauchi, ya yi ran 1 ga Oktoba 1960. Muryarsa tana da kauri, yana kuma magana a tsanake. Saurari ƙarshen kowace kalma. In ya ɓace, ƙara bargo a bangon da ke bayanka.