Tuƙin Jirgi a Kwanar Gulbi

Gulbin Zamfara ba ya tafiya a miƙe. Daga ƙasar Anka ya ratsa Bukkuyum ya sauka Gummi, yana karkata dama yana karkata hagu, kafin ya nufi Jega ta Jihar Kebbi. Da rani akwai wuraren da yaro ma zai taka shi da ƙafa. Amma idan Agusta ya kama sai ya cika ya batse, ya shafe mashigai. Mai gona a ƙetare ba shi da dabara sai ta wurin masu fito.

A ranar Asabar 14 ga Satumba, 2024, wani jirgi ɗauke da manoma ya kife da safe a Gummi suna kan hanyar zuwa gona. An ba da labarin rasuwar fiye da mutum 40. Allah ya jiƙansu da rahama. Rahotanni sun nuna jirgin ya ɗauki mutane fiye da ƙarfinsa. Mu riƙe wannan a zuciya, domin za mu komo kansa.

Da farko mu san halin kwana. Duk inda gulbi ya lanƙwasa, ruwan ba ya gudu daidai. Ta bayan kwanar ruwa yana da zurfi da ƙarfi, kullum yana cin gaɓa. Ta cikin kwanar kuwa ruwa yana tafiya a hankali, yana zubar da yashi. Shi ya sa bishiyar da ke bakin gaɓar baya takan faɗa ruwa, ta nutse, a bar kututture da rassa a ƙasa ba mai ganinsu. Wurin da matuƙi ya bi lafiya bara, bana yana iya zama tarko. A watan Satumba na 2025 wani jirgi cike da masu zuwa ta'aziyya ya daki kututturen da ruwa ya rufe a ƙasar Borgu ta Jihar Neja, mutane da yawa suka rasu.

Abu na biyu da kwana ke yi shi ne rufe ido. Gaɓa da ciyawa da dogayen dawa sukan hana ka ganin mai tahowa. Jiragen inji biyu na iya yin arba ba shiri, kuma jirgi ba shi da birki. Ko ka kashe inji, ruwa zai ci gaba da tura ka.

To, me matuƙi zai yi? Ya rage gudu tun kafin ya shiga kwana, ba bayan ya shiga ba. Ya sanar da zuwansa: ya busa usur busa mai tsawo, ko ya ɗaga murya, sannan ya kasa kunne ko za a amsa. Ya riƙe hannun damansa, kamar yadda motoci ke yi a kan titi. Wannan ita ce ƙa'idar ruwa a duniya: idan jirage biyu suka fuskanci juna, kowa ya kauce dama. Karo yakan faru idan ɗaya ya yi dama ɗaya ya yi hagu, suka haɗu a wuri guda.

Akwai kuma batun wanda zai ba wani hanya. Mai hawa ruwa shi ne zai dakata, domin ruwan da ke tunkararsa yana taimaka masa ya tsaya. Mai gangarowa kuwa ruwa ne ke kora shi, tsayawa na yi masa wuya. Ba raini ba ne babba ya jira ƙarami a nan. Mai inji kuma ya sassauta idan zai wuce ƙaramin kwalekwale, don igiyar ruwan da yake tayarwa kaɗai ta isa ta kifar da shi. Shi ma mai fito kada ya yanka gulbi dab da kwana. Ya nemi inda zai hangi sama da ƙasa.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar jirgin fasinja da dare, ta kuma wajabta sa rigar ruwa, wadda ke hana mutum nutsewa. A gaskiya rigar ba ta wadata a mashigan ƙauyukanmu ba, kuma ya kamata hukuma da masu hali su samar da ita. Kafin nan, a riƙa ajiye jarkoki marasa komai, rufaffu da kyau, a cikin jirgi. Ba su kai riga ba, amma sukan riƙe mutum kafin taimako ya zo.

Yanzu mu koma kan lodi. Jirgin da ke da sauran baki a saman ruwa, idan ya daki wani abu yakan girgiza ya daidaita. Wanda aka cika har bakinsa na shafar ruwa, ɗan gogawa kaɗan sai ruwa ya kwararo ciki. Kafin ka shiga, dubi gefen jirgin. Idan abin da ya rage bai kai taƙi guda ba, ka tsaya ka jira sawu na gaba, ko da za ka makara gona. Sarkin ruwa da masu unguwa su ƙayyade wa kowane jirgi adadin mutanensa, a rubuta lambar da fenti a jikinsa. Ga amfanin iya karatu: kai da kanka za ka karanta, ka ƙirga, ka yi magana.

Idan kuwa an yi karo, kada kowa ya miƙe tsaye, kada a ruga gefe guda. A zauna ƙasa-ƙasa, masu ƙwarya su kwashe ruwa. In jirgin katako ya kife, sau da yawa ba ya nutsewa nan take, saboda haka a riƙe shi. Wanda ke kan gaɓa ya miƙa gora ko ya jefa igiya ko jarka. Kada ya faɗa ruwa sai in gwani ne, domin mai nutsewa yakan ƙanƙame wanda ya zo cetonsa su tafi tare.