Kiwon Kunkuru a Gida: Yadda A Ke Lura da Zafi da Sanyin Makwancinsa

An shirya wannan darasi domin Hakimai da magatakardansu, su karanta, su kuma bayyana wa Dagatai da masu unguwa. A waɗansu gidaje da makarantu a kan ajiye babban kunkurun nan na daji don sha'awa. Asalinsa ƙasashen bakin Sahara ne, daga Senegal da Mali, ta Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi, har Sudan. Duk duniya, in an ɗebe na tsibirai, babu kunkurun tudu da ya kai shi girma, kuma ya kan wuce shekara 70 in ya sami kulawa. Amma zafi ko sanyi na iya kashe shi cikin gida, mai shi bai san dalili ba.

1. Dalilin lura

Jikin mutum da na akuya su ke yin ɗuminsu da kansu. Na mutum yana tsaye wajen digiri 37 na ma'aunin Salsiyas, ko da bazara ko da hunturu. Kunkuru da kadangare da damo da kada ba haka su ke ba. Aron zafi su ke yi daga rana da ƙasa. Shi ya sa a ke ganin kadangare bisa katanga da hantsi, rana ta take ya shige inuwa.

A daji kunkuru ya kan haƙa rami mai tsawon mita da yawa, inda ya ke samun sanyi da laima. Ya fito kiwo da safe da la'asar, ya koma ciki. To, wanda ya killace shi ya raba shi da wannan dabara, saboda haka nauyin ya koma wuyansa. Ka'idar ɗaya ce: a ba shi wuri mai zafi da wuri mai sanyi cikin shinge guda, shi ya zaɓa da kansa.

2. Awon da a ke bukata

Wurin shan hantsi ya kasance tsakanin digiri 32 da 38. Gefen inuwa kuwa tsakanin 24 da 29. Da dare kada makwancin babba ya sauka ƙasa da 16. Na ƙanana, waɗanda ba su wuce tafin hannu ba, a riƙe shi sama da 24. In zafin jikin kunkuru ya haura 40, ransa yana cikin haɗari.

Sai a gwada wannan da yanayin ƙasa. A watan Afrilu zafin inuwa a Sakkwato da Maiduguri ya kan wuce 40, yashin da ke cikin rana kuwa ya kan kai 60. A Disamba da Janairu daren Kano ya kan sauka wajen 13. Watau dai bazara da hunturu duka sun fita daga iyakar da aka faɗa.

3. Yadda za a auna

Tafin hannu ba ma'auni ba ne. A sami ma'aunin zafi biyu, ɗaya a gefen rana, ɗaya a cikin makwanci. A sa su ƙasa, daidai tsayin bayan kunkuru, gama wanda aka rataye a bango zafin kan mutum ya ke nunawa. In an sami irin wanda ke riƙe mafi zafi da mafi sanyi na yini, ya fi, domin sanyin asuba ya kan wuce mutane suna barci.

A duba sau uku: bayan sallar asuba, da azahar, da bayan lisha. Magatakarda ya ja layi cikin littafi, ya rubuta kwanan wata da awo uku, da ko dabbar ta ci abinci. Littafin nan shi likitan dabbobi zai fara nema in ciwo ya zo.

4. Maganin zafi

Kada a ajiye kunkuru cikin ganga, ko bisa siminti tsirara, ko ƙarƙashin rufin kwano. A yi masa rumfar zana mai kauri, a bar masa ƙasa mai taushi ya yi rami, ko a gina masa ɗan ɗaki na laka mai ƙofa ɗaya. Da bazara a riƙa yayyafa ruwa ciki. A binne kasko mai faɗi marar zurfi, a zuba ruwa, yadda zai shiga ya fita ba wuya. A kuma kawar da duwatsu da itacen da zai hau ya kife, don wanda ya kife cikin rana ba ya daɗewa.

Alamar zafi ya yi yawa ita ce buɗe baki, da kumfa, da shafa yawu a ƙafafun gaba. Nan da nan a kai shi inuwa, a zuba masa ruwan da ba shi da sanyi ƙwarai, kaɗan kaɗan. Ruwan ƙanƙara lahani ya ke ƙara masa.

5. Maganin sanyi

In jikinsa ya yi sanyi, abinci ba ya narkewa, sai ya daina ci. Daga nan majina ta biyo, da kumburin ido, da ciwon huhu. Wannan irin ba ya kwanciyar hunturu kamar kunkurun Turai, saboda haka in ya kwana biyu bai motsa ba, kada a ce barci ya ke yi. Da magariba a shigar da shi ɗakinsa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a toshe ƙofa da buhu ta wajen iska. Ƙanana a shigar da su ɗakin mutane.

Kada a kai masa kaskon garwashi: hayaƙin yana kisa, kuma dabbar ta kan ƙone kafin ta janye. Inda akwai lantarki, a rataye ƙwan fitila mai ɗumi a gefe ɗaya, sama da inda bayansa zai taɓa, nesa da ciyawa, a haɗa da na'urar da ke yanke wuta in zafi ya kai awo. Duk da haka fitilar gida ba ta maye gurbin rana. Da hasken rana jikinsa ke sarrafa sinadarin ƙashi, gilashin taga kuwa yana tare wannan hasken. Wanda ya rasa shi, ƙoƙon bayansa ya kan yi laushi.

6. Zafi da ƙwai

A 1966 wata masaniya Bafaransa, Madeleine Charnier, tana aiki a Dakar, ta gano cewa zafin da ƙwan kadangare ya samu shi ke sa ya fito namiji ko mace. Daga baya aka tabbatar da haka ga kunkuru da kada. Ga kunkuru, zafi ya kan ba da mata, sanyi maza, kuma bambancin digiri biyu ko uku ya isa. Saboda haka a bar ƙwai inda uwa ta binne, a kewaye wurin da ƙaya saboda karnuka, kada a tone, kada a juya.

7. Abin da ya rataya a kan Hakimai

Kunkurun nan ya ragu a daji, har an sa shi cikin dabbobin da a ke tsoron ƙarewarsu. Ƙarƙashin yarjejeniyar cinikin namun daji da aka sa wa hannu a Washington a 1973, an hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje don ciniki tun 2000. Lalle ne Hakimai su gargaɗi mafarauta da makiyaya su bar na daji a raminsa, su kuma sanar da malamin daji in sun ji labarin masu saye. Wanda ya riga ya ke gida kuwa amana ne a hannun mai shi. A tambaye shi rumfa, da rami, da ruwa, da littafin awo; in ba zai iya ba, a ba shi shawara ya miƙa dabbar ga hukumar kula da namun daji.