Yadda ake gayyar gyaran hanya a Hirafok

Ruwan Ahaggar ba shi da yawa, ba shi kuma da ladabi. Sai a yi wata goma ba a ga ɗigo ba, rana ɗaya cikin Agusta ko Satumba hadari ya haɗo bisa duwatsun Atakor, kafin ka sha shayi uku ƙoramar da ka kwana cikinta jiya ta zama kogi mai mirgina duwatsu. In ya wuce, hanyar da ta gangaro daga Asekrem zuwa Hirafok ta koma abin tausayi. Ga shi daga Oktoba baƙi ke fara zuwa, masu son kallon fitowar rana daga ɗakin da Charles de Foucauld ya gina a 1911 bisa tsaunin Asekrem da ya haura mita 2,700, su kuma bi ta arewa su ga ruwan Isakarasen.

Ni mutumin Maraɗi ne, kuku na yi a motocin da ke ɗaukar baƙin nan daga Tamanrasset, don haka tukunya ce ta kai ni wurin aikin, daga baya aka ba ni shebur. Larabawan Aljeriya na kiran irin wannan aiki tuwiza, mu gayya muka sani. Masu yinsa direbobi ne, da jagororin hanya, da masu raƙuma, da masu lambu a ƙauyen da ke son hanyarsu ta buɗe. Babu mai albashi. Jagoran gayyar ma ba takarda ce ta naɗa shi ba. Dattijo ne da Buzaye ke ce wa amghar, ni kuwa Baba nake ce masa, ya kuma ji Hausa kamar jakin Kano.

Kafin ya kira kowa, sai ya bi hanyar da kansa, wani wuri a raƙumi, wani a ƙasa, ya ƙidaya inda ta lalace. Sa'an nan ya shiga zagayen gidaje. Abin da na koya wurinsa shi ne bai taɓa cewa "a taimaka" ba. Kowa da abin da yake nema gare shi, da suna da adadi: wane ya ba da mota kwana uku, wane jarka biyu ta man dizal, wane buhun fulawa, wane 'ya'yansa biyu. Kuɗi kuwa ba ya karɓa ko dinari ɗaya. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Ɗana, buhun fulawa kowa na ganin inda ya tafi." Wanda ya taɓa riƙe asusun ƙungiyar unguwa a Maraɗi ko Zariya ya san abin da yake gudu.

A wurinmu gayya da ganga take tafiya. Waɗanda suka ga ƙungiyar Samariya zamanin mulkin Seyni Kountché na tuna sarkin samari a gaba, maroƙi na zuga, ana share gari ana gina ajin makaranta. A Ahaggar kuwa babu ganga, babu kirari. Mutane ne naɗe da rawani, ido kawai a waje, suna aiki shiru, ba ka jin komai sai ƙarar diga. Da farko na ɗauka fushi suke.

Kawar da duwatsun da suka faɗo kan hanya ba ya bukatar bayani, sandar ƙarfe da ƙarfin samari ne. Inda hanya ta ratsa tsakiyar ƙorama ma ba a wani gini, a baje yashi a wuce, domin duk abin da ka kafa nan ruwan baɗi zai tafi da shi.

Inda ake gane masani shi ne kwanar da ke jikin tsauni, wadda ruwa ya ci gefenta ya bar rami mai kallon kwari. A nan samari ke ɓata aiki, da kyakkyawar niyya kuwa. Suna isa sai su hau zuba yashi da ƙananan duwatsu, cikin sa'a guda rami ya cika, wuri ya yi sumul, a ɗauki hoto. Ruwan farko zai kwashe shi tas, in ma motar da ta fara takawa ba ta zame da shi ba.

Baba ba ya fara duban ramin. Sama yake hawa, taki ashirin ko talatin, yana bin sawun ruwa a ƙasa: inda tsakuwa ta wanke fes, inda laka ta kwanta, inda ciyawa ta sunkuya. Sai ya gano inda ruwan ya hau kan hanya. Nan ake fara aiki. A haƙa 'yar magudana ta ratsa hanyar a karkace, a jera mata duwatsu masu faɗi a tsaye, an binne fiye da rabin kowanne. In ka yi ta a miƙe, ruwa zai tsaya, yashi ya cike ta, ya tsallake. In ka cika karkata ta, ruwan zai yi gudu ya haƙa sabon rami. Ba mai aunawa da igiya. Baba kan zuba ruwan buta ɗaya, kowa ya tsaya yana kallon yadda zai bi, a ƙasar da ake auna ruwan alwala. A bakin magudanar, inda ruwan zai zuba ƙasa, ana shimfiɗa falalen duwatsu don ya faɗo a kansu ƙarfinsa ya mutu.

Sai bayan haka a komo ga ramin. A tone har a taɓa dutsen ƙasa, komai nisansa. Manyan duwatsu a gindi, kowanne tsawonsa ya shige cikin tsauni, fuskarsa kaɗai ke waje. Na sama ya hau kan biyu na ƙasa, kada layin tsaga ya tashi daga gindi har sama. Bangon duka ya ɗan jingina da tsauni, kamar mutum ya kishingiɗa. Bayansa a cika da tsakuwa zalla, ban da yashi, domin ruwa ya tsiyaye ta ciki ya fita. Siminti ba ya shiga, kuma ba don tsada kaɗai ba: bangon da ba ya barin ruwa ya wuce, ruwan ne zai ture shi. Kowane dutse in an ɗora sai a hau a taka. In ya motsa, a sauke shi, ko da an ɗora uku a kansa.

Wata rana mun tarar samari sun riga sun cike wani rami da yashi, suna ta murna. Na zuba ido in ji faɗa. Baba ya yi musu sannu da aiki, ya ce a sa shayi. Ana sha ya kira babbansu gefe, suka hau sama tare, ya miƙa masa butar. Da suka sauko, yaron ne da bakinsa ya ce a tone. Da an tsawata masa gaban ƙannensa, da gari bai waye da su a wurin ba, kuma ba wanda ke da ikon tsare su. Mai gayya ba shi da bulala, ba shi da albashin da zai yanke.

Hanyar ƙafa, ta masu raƙuma da baƙin da ke tattaki wajen Tahat, dutsen da ya fi kowane tsawo a Aljeriya, aikinta tsibin duwatsu ne. Daga kowane tsibi a hango na gaba, a kuma juyo a duba ta baya, domin mai dawowa ma mutum ne. A kan tudu ake ɗora shi, inda zai fito a jikin sararin sama. Ba kowane dutse ake ɗauka ba. Ƙasar cike take da kaburburan mutanen da, waɗanda Buzaye ke kira idebnan, da duwatsu masu zanen dabbobi, ga kuma dokar gandun Ahaggar da aka kafa a 1987. Baƙo irina ba ya bambanta tsohon kabari da tulin duwatsu. Na taɓa miƙa hannu, aka riƙe mini shi.

Bayan sace Turawa 32 da aka yi a kudancin Aljeriya a 2003, baƙi sun ja baya, motoci da yawa suka kwanta, direbobi suka nemi wata sana'a. Gayyar ta ragu, amma ba ta mutu ba, tun da mai raƙumi da mai mara lafiya ba su daina bin hanyar ba.

Daren ƙarshe na gayyar kusa da Isakarasen muke kwana, inda ruwa ba ya ƙafewa cikin kwarmin dutse, har da ƙananan kifaye a tsakiyar hamada. A nan ni ke da mulki. A kwaɓa fulawa, a binne gurasar tagella cikin yashi mai zafi da garwashi, a kakkaɓe, a gutsuttsura cikin miya. Baba kan kira sunan kowa da abin da ya kawo, har mai jarka ɗaya da bai samu zuwa ba. Da asuba motoci su yi gaba zuwa Hirafok, shi kuwa ya ce a bar masa raƙuminsa, zai biyo baya ya sake taka duwatsun.