Darasi Ga Manoman Rani: In Lambar Ma'aunin Danshi Tana Rawa

'Yan'uwa manoma, tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar Kogin Haɗejiya ba ta shimfiɗuwa a fadamunmu kamar dā. Yawancin masu lambu daga Auyo har Kirikasamma da inji suke ban ruwa, inji kuwa kuɗi yake ci. Wanda ya ba da ruwa fiye da kima ya ɓata mai, saiwar tumatir ta ruɓe. Wanda ya yi jinkiri, fure ya zube. Saboda haka waɗansu matasanmu suna haɗa ma'aunin danshi da wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai suna Arduino, wadda aka fara ƙerawa a Italiya a 2005.

Yadda yake aiki

Ana soka ƙarfe biyu a ƙasa, a tura 'yar wutar batir tsakaninsu. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana barin wuta ta wuce da sauƙi, busasshiya kuwa tana turjewa. Wannan turjiya ake aunawa. Dabarar tsohuwa ce, gama tun 1940 masana a Amurka suke auna danshi ta wannan hanya. Arduino Uno yakan nuna awon da lamba daga 0 zuwa 1023.

Damuwar ita ce lambar takan yi ta rawa. A wani lambun albasa da na ziyarta, ma'auni ya nuna lambobi uku dabam dabam kafin mai lambu ya gama gaishe ni, ƙasa kuwa ba ta sāke ba. Ya ce zai jefar da shi. Da muka duba, ashe wayarsa ce doguwa, ta bi ta gindin injin ban ruwa.

A fara da gyaran kaya

1. Waya ta zama gajera, a murɗe biyun tare kamar igiya. Doguwar waya takan kwaso wutar da ba a gayyata ba, kamar yadda eriyar rediyo take kama tasha.
2. A nisanta ta da inji, da janareto, da wayar lantarki. Tartsatsin fulogin injin fetur yana dagula awo. In ya yiwu, a auna sa'anda inji yake a kashe.
3. A lura da batir. In ya yi sanyi, lamba takan kauce. Kada a haɗa ma'auni da famfo a batir guda.
4. A sa ƙaramar kafasita mai lamba 104 tsakanin ƙafar awo da ƙafar GND. Masu gyaran rediyo a kasuwa suna da ita, ba ta da tsada. Aikinta shi ne shanye tsalle-tsallen wuta.
5. A danne ƙasa sosai kewaye da ƙarfen. Laka takan tsage in ta bushe, in kuwa iska ta shiga tsakani, awo ya ɓaci.
6. Kada a bar wuta tana bin ƙarfen dare da rana, gama zai yi tsatsa da sauri. A kunna lokacin awo kaɗai, a riƙa juya inda wutar ta nufa, sau ɗaya nan, sau ɗaya can.

Sa'an nan a yi lissafi

Mai sayen gero ba ya yanke wa buhu hukunci da ƙwaya ɗaya. Haka nan kada ku dogara ga awo ɗaya. A sa kwamfutar ta yar da awon farko, ta ɗauki biyar ko tara, da ɗan jinkiri a tsakani.

Ga misali, an sami 512, 508, 730, 515, 510. In an tara an raba biyar, za a sami 555, lambar da ba ta yi kusa da gaskiya ba, domin 730 ɗin nan ta ja ta sama. Amma in an jera su daga ƙarama zuwa babba, watau 508, 510, 512, 515, 730, aka ɗauki ta tsakiya, sai a sami 512. Wannan ita ce hanya mafi kyau wurin da lamba takan yi tsalle ba zato.

Abin da lissafi ba ya gyarawa

Takin zamani, da gishiri, da kanwa suna sa wuta ta wuce da sauƙi, har ƙasa ta yi kamar ta jiƙe alhali ba haka ba ne. Zafin rana ma haka. Don haka a riƙa aunawa lokaci guda kullum, da sassafe, nesa da inda aka zuba taki.

Kowace gona da lambarta. Laka da jigawa ba su zo ɗaya ba. Ku rubuta lambar da kuka gani kashegarin ban ruwa, ku kuma rubuta ta ranar da kuka dunƙula ƙasa a hannu ta wargaje. Tsakanin waɗannan biyu za ku riƙa yin hukunci. In ma'auni ya saɓa wa hannu da ido, a binciki ma'aunin tukuna.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. Lita nawa na mai kowane ɗayanmu ya ƙona a ranin bara?
2. Ku nemo lambar tsakiya: 430, 425, 90, 433, 428.
3. Wa zai riƙe littafin awo, in ƙungiya ta haɗa kuɗi ta yi ma'auni guda?