Abincinka da Ran Beyar: Darasi Daga Duwatsun Kalifoniya

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na kwas ɗin kula da namun daji ya ba mu aikin gida kan yadda matafiya ke kare abincinsu daga beyar a gandayen Amurka. Da farko dariya muka yi, wani a bayan aji har yana cewa, "Malam, ina mu ina beyar?" Ni ma haka na ɗauka. Da na zauna na karanta, sai na ga darasin ya shafi duk wanda zai yi aiki a inda mutum da dabba ke haɗuwa, shi ya sa na kawo shi nan.

Mu ɗauki misali guda: hanyar John Muir da ke tsaunukan Siyera Nebada a jihar Kalifoniya. Tsawonta kimanin kilomita 340 ne, daga kwarin Yosemiti zuwa ƙololuwar dutsen Whitney, kuma yawancin masu bin ta a ƙafa sukan yi kusan mako uku. Duk abin da mutum zai ci yana bayansa, sai 'yan wurare kaɗan da ake aika wa kai abinci ta gidan waya tun kafin a tashi. A wannan daji akwai baƙar beyar, dabba mai ƙarfin gaske, mai hawa bishiya, mai jin ƙanshi fiye da kare. Gab da hunturu takan ci abin da ya kai kalori 20,000 a rana don ta tara kitse. To ka ga jakar matafiyi mai cike da gyaɗa da cakulan, ai ta tsinci dami a kala.

Idan beyar ta cinye guzurinka a tsakiyar hanya, tafiya ta ƙare, sai ka nemi mafita da yunwa, wataƙila kwana biyu kafin ka ga titi. Amma babbar asarar ta dabbar ce. Beyar da ta ɗanɗana abincin mutum takan daina tsoron mutane, ta fara bin tantuna tana fasa motoci, daga ƙarshe ma'aikata su kashe ta don kare rayuka. A shekarar 1998 kaɗai an samu ɓarnar beyar fiye da sau 1,500 a Yosemiti, asarar ta haura dala dubu ɗari shida. Bayan an tsananta dokar ajiye abinci, adadin ya faɗi ƙwarai.

Hanya ta farko ita ce ratayewa, wato dai irin ragayar kakanninmu. Ana jefa igiya kan reshe, a ja jakar abinci sama kamar mita huɗu daga ƙasa, nesa da gangar bishiyar da kamar mita biyu. A takarda abin yana da sauƙi. A daji kuwa, gajiyayyen mutum da magariba ba kasafai yake samun reshen da ya dace ba, sannan a can saman tsaunuka bishiyoyin ma babu. Beyar ɗin Yosemiti kuma sun gane dabarar: su tsinke igiya, ko su karya reshen. Shi ya sa a dajin Yosemiti yanzu an hana rataye abinci.

Hanya ta biyu, wadda doka ta wajabta a can, ita ce gwangwanin ajiya. Wani mulmulallen mazubi ne na roba mai tauri, ba shi da mariƙi, faɗinsa ya fi ƙarfin bakin beyar, murfinsa kuma sai da kwabo ko dabarar yatsu yake buɗewa. Kafin a amince da sabon samfuri, akwai wata cibiya a garin West Yellowstone da ke jihar Montana inda ake zuba abinci a ciki a miƙa wa manyan beyar da ake kiwo. Idan suka yi minti 60 suna fama da shi bai fashe ba, ya ci jarrabawa. Duk da haka, a tsaunukan Adirondack na jihar Niyok an taɓa yin wata beyar da ake kira Yellow-Yellow, saboda alamun ruwan ɗorawa da ke kunnuwanta biyu, wadda ta koyi buɗe murfin wani samfurin. Wannan ya nuna cewa abokin karawar yana koyo, don haka sakaci ɗaya ya isa.

Ga ƙa'idojin amfani da gwangwanin, ku riƙe su don ranar jarrabawa:

1. Duk abin da ke da ƙanshi ya shiga ciki: abinci, man goge baki, sabulu, man shafawa, har da shara.
2. A rufe shi ko da ana tsakiyar girki, kada a juya baya a bar shi a buɗe.
3. A ajiye shi a ƙasa, nesa da tanti, ba a bakin kogi ko gefen rami ba, domin beyar na iya gangara shi.
4. Kada a ɗaura masa igiya, don an ba ta mariƙi ke nan.
5. A yankin manyan beyar irin Yellowstone, wurin kwana ya yi nisan kusan mita 90 daga wurin girki da wurin ajiya.

Inda doguwar tafiya ta bambanta da ta kwana ɗaya shi ne lissafi. Babban gwangwani yana ɗaukar kimanin lita 11, nauyinsa ya ɗan haura kilo ɗaya, kuma yakan ishi mutum ɗaya abincin kusan mako guda. Wato kowace rana tana da lita ɗaya da rabi kacal. Idan tsakanin wuraren karɓar abinci biyu tafiyar kwana tara ce, dole matafiyi ya cire kwalaye, ya juye komai a leda, ya matse iska, ya zaɓi abinci mai ƙarfi da ba ya cin wuri, irin su man gyaɗa, dabino da busasshen nama. Abincin ranar farko ba ya buƙatar wuri, tunda za a cinye shi kafin dare. Wanda bai yi wannan lissafi a gida ba, shi ne yake barin rarar abinci a jaka a daren farko, kuma da irin wannan daren ake ɓata beyar.

Yanzu amsar mai tambayar bayan aji. Lokacin da muka je ziyarar karatu Yankari, a kusa da ruwan Wikki na ajiye ledar burodi a gefena ina ɗaura takalmi. Wallahi kafin in ɗago, wani gwaggon biri ya sure ta ya haye bishiya. Abokaina suka yi ta dariya suna ɗaukar hoto, wasu ma na jefa masa biskit. A ranar na ɗauka ni aka cuta. Yau na gane cewa laifina ne, kuma mu ne muka ƙara koya masa cewa abinci na hannun mutum.

Da yawa daga cikinmu za mu fita da difuloma mu yi aiki a gandun daji ko harkar yawon buɗe ido. Idan Allah Ya kai mu, mu fara da abubuwa uku: kwandon shara mai murfin da dabba ba za ta iya buɗewa ba, wurin ajiyar abinci mai kulle, da kuma gaya wa kowane baƙo tun daga ƙofa cewa ba a ciyar da dabbar daji. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa.