Kafin Ka Ciro Injin Motar Mahaifinka

Ɗana, saƙonka ya iso ni. Ka ce bashen nan, a-kori-kurar Peugeot 504 da mahaifinka ya bari, Allah ya jiƙansa, ba ta da sauran ƙarfi. In ka loda mata dankali daga Bonkuku sai ta yi ta nishi kafin ta kai Baleyara, masu Hilux suna wuce ka kana shan ƙurarsu. Ka ce an yi maka tayin injin Toyota 5L a Yamai, kana so a ciro na Peugeot a zuba shi. Mota taka ce, kuɗi naka ne, kuma kai ma yanzu magidanci ne, ba zan hana ka ba. Amma tunda ka nemi shawarar baffanka, ka yi haƙuri ka ji ta har ƙarshe.

Ka fara sanin abin da ke hannunka. Peugeot ta fito da 504 a 1968, ta fito da a-kori-kurarta a 1979, kuma masana'antar Kaduna, wadda ta soma aiki a 1975, ta ci gaba da harhaɗa 504 shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina. Shi ya sa kayanta suka cika kasuwanninmu, shi ya sa da wuya ka shiga garin da za a rasa makaniken da ya san cikinta. Injin da ke cikin taka shi ne ƙaramin nan na fetur mai cc 1618 da ta gada daga 404. Wanda ake yi maka tayi na gazuwal ne, cc 2986, kusan ninki biyu. Waɗanda suka ƙera motar sun auna mata birki da aksul da sifirin da lagireto ne a kan nauyin injinta da ƙarfinsa. In ka ɗaura bijimin sa a amalanken da aka sassaƙa don jaki, san zai ja, ba shakka. Itacen ne zai biya.

Wahalar tana farawa tun daga mazauni. Injin fetur na Peugeot a kishingiɗe yake, an karkata shi digiri 45, don haka aka samu murfin gaba ya kwanta. Na Toyota a tsaye yake, ga tsawo ga nauyi. Kafin ya zauna sai an yanke ƙafafun inji an yi sababbi, a duba ko kaskon mai na ƙasa zai daki ƙarfen da ya gitta shasi. Wasu makanikai kan sassauke injin ƙasa don murfi ya rufu. A kwaltar Yamai ba za ka ga aibinsa ba. Ranar da ka sauka cikin yashin Dallol Boso za ka ɗauko kaya a bakin lambu, kututture ɗaya ya isa ya fasa kaskon, mai ya tsiyaye kana tafiya ba ka sani ba.

Sai akwatin giya. Na Peugeot ba ya haɗuwa da injin Toyota sai da dabara, kuma ba a yi shi don irin wannan murɗa ba. To, a kawo na Toyota. Shi kuma tsawonsa daban, dole a yanke sandar da ke kai juyi baya, a rage ko a ƙara, a yi mata walda. In ta karkace ko da kaɗan ne, motar za ta riƙa kakkarwa da zarar ta ɗauki gudu, ta yi ta cinye maka kayan ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma abin da mai sayar da inji ba zai faɗa maka ba. Injin gazuwal ba ya juyi da sauri kamar na fetur: naka yakan kai juyi wajen 5,000 a minti, wancan kuwa ƙarfinsa yana ƙarewa ne a wajen 4,000. In aksul na baya bai canza ba, za ka samu ƙarfin tashi da kaya, amma a miƙaƙƙen titi inji zai yi ta kururuwa, gudun da ka sayi injin dominsa bai zo ba. Ƙarfin da ya ƙaru kuwa a kan haƙoran wannan tsohon aksul yake sauka duk lokacin da ka saki kuloci da lodi a baya.

Inda na fi so ka tsaya ka yi tunani shi ne birki. Abin da ke sa birkin motarka ya yi laushi a ƙafa, wato tulun nan da ke bayan feda, da zuƙar iska yake aiki, kuma injin fetur da kansa yake ba shi wannan zuƙa. Injin gazuwal ba ya bayarwa. Sai da wani ɗan famfo na musamman, wanda a wannan jerin injunan Toyota yake maƙale a bayan altaneta. Sau da yawa injin da aka kwance daga wata mota yakan zo an riga an cire masa altanetarsa, sai makanike ya ɗaura wadda ta samu. Mota ta tashi, kowa ya yi murna, an yi barka. Direba bai san komai ba sai ranar da ya taka birki ya ji shi kamar dutse. Ko da an haɗa famfon daidai, lissafin tsayawa ba ya sassauci. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa, in ta koma 90, tazarar da za ta ci kafin ta tsaya ta haura ninki biyu. In ta kai 120, ninki huɗu ne. Ka ƙara nauyin sabon inji a gaba, ka ƙara buhunan dankali a baya, ka ƙara fasinjan da ba ka iya ce wa a'a saboda maƙwabtaka. Sannan ka tuna yadda hanyar nan take ranar Lahadi, ranar kasuwar Baleyara, garken shanu da raƙuma suna tsallaka kwalta, yara suna kora su. Mahaifinka ya yi shekarunsa a kan wannan titi bai taɓa taka ko akuya ba, kuma rabin sirrin shi ne motarsa ba ta iya gudun da ya fi ƙarfin birkinta.

Zafi ma na nan. A watan Afrilu da Mayu zafin yankinmu yakan haura digiri 40, kuma lagireton da aka yi wa ƙaramin inji ba zai shanye zafin babba ba. Sai an sa babba, a nemo masa wuri, a gyara fanka. Ga batir mai ƙarfi, ga wayoyin dumama inji da safe, ga tankin mai da za a wanke a ƙara masa bututun dawowa, ga sifirin gaba da zai durƙusa in ba a ƙarfafa shi ba. Injin Toyota ɗin nan kuma da bel yake tafiyar da lokacinsa, naka da sarƙa. In ka saya, kada ya shiga mota sai an sa sabon bel, don ba ka san tafiyar da tsohon ya yi ba, kuma in ya tsinke yana aiki ɓarnar ba ƙarama ba ce. Ka haɗa kuɗin waɗannan duka a kan kuɗin injin, da sefa, a takarda, sannan ka ga ko har yanzu araha ce. Ka kuma tuna lokacin da aka rufe iyakar Binin a 2023 kayan da ke shigowa ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome, komai na mota ya ƙara tsada.

Batun takardu mutanenmu suna raina shi. Kart giriz ɗinka, wato takardar rajistar motar, ta rubuta irin man da motar ke sha da yawan dawakinta. In takarda ta ce fetur, jandarma ya buɗe murfi ya ga gazuwal, ka jawo wa kanka dogon bayani, ga shi a yankinmu na Tillaberi shingayen bincike ba sa ƙarewa a wannan zamani. Mafi muni shi ne inshora. Kamfani ya karɓi kuɗinka ne a kan motar da ka bayyana masa. In tsautsayi ya faɗa, Allah ya tsare, aka ga inji ba shi ba ne, yana da hujjar da zai ja da baya, diyyar mutane ta dawo wuyanka. Duk wanda ya canza inji, ya je ofishin sufuri a gyara masa takarda, ya sanar da masu inshora kafin ya ɗauki fasinja ko ɗaya.

Ga abin da nake gani. Motar da ta haura shekara talatin tana aiki, in ta rasa ƙarfi, yawanci gajiya ce ta kama injin. Ka kai ta a auna matsin kowace silinda. Wannan inji na Peugeot yana da wata falala: hannayen silindarsa ana zare su a sa sababbi tare da fistan da zobba, ba sai an kai gangar injin an rarake ba. A gyara kan injin, a wanke kafireto, a daidaita wuta, a wanke lagireto. Na sha ganin motar da aka yanke wa ƙauna ta dawo tana hawa tudu da lodinta bayan wannan aiki, a kan kuɗin da bai kama ƙafar na sauya inji ba.

In an yi haka har yanzu ranka yana son ƙari, ka tsaya a cikin gida. Peugeot da kanta ta sa wa 504 injin fetur mai cc 1971, ta sa mata na gazuwal mai cc 2304. Waɗannan motar ta san su, ƙafafunsu da akwatin giyarsu da lagiretonsu duk akwai na asali a wurin masu kwance tsofaffin motoci, ba a bukatar mai walda ya yi ƙirƙira a shasin da zai ɗauki rayukan mutane. Ko a nan ma ka fara da birki da taya, inji ya zo daga baya. In kuwa aikinka ya girma har ya fi ƙarfin bashe, to Hilux kake bukata gaba ɗayanta. Ka yi tanadi ka saya, wannan ta zauna tana jigila tsakanin lambuna da kasuwa, ko ka bai wa ƙanenka ya koyi neman na kansa da ita.

Kada ka ba da kafin alƙalami a kan injin nan tukuna. Ka kai motar a auna ta, ka rubuta abin da kowace silinda ta nuna, ka kira ni mu duba tare. Ka gaishe mini da mahaifiyarka da iyalinka.