Yadda Ake Gwada Filogin ɗin Sauti Kafin Mawaƙi Ya Iso

A ƙananan situdiyo irin na Anka, Gummi da Bukkuyum, inda ake ɗaukar waƙar biki da ta bege, filogin ne ke gyara murya, ya ƙara mata amsa-kuwwa ko ya rage mata kaushi. Ƙaramar manhaja ce da ba ta aiki sai a cikin babba, kamar FL Studio ko Cubase. Yawancin filogin na bin tsarin VST, wanda kamfanin Steinberg na Jamus ya fitar a 1996. Gwada sabo a gaban mawaƙin da ya biya kuɗi ganganci ne.

Da farko duba ko na bit 32 ne ko na 64, ya dace da babbar manhajarka. Bayan ka saka shi, sa manhajar ta laluba sababbin filogin. In sunansa bai fito ba, galibi ba a wurin da take dubawa ka ajiye shi ba.

Kada ka buɗe aikin wani. Buɗe sabon shafi, ka ɗora muryar da ka ɗauka da makirufonka, a ɗakinka, tare da ɗan kiɗan kalangu. Sautin da ke zuwa da filogin an riga an tace shi a waje, don haka komai aka yi masa daɗi zai yi.

A nan aikin yake. Kunna filogin, kashe shi, sake kunnawa, kana saurare. Amma sai ka daidaita ƙarfin sautukan biyu, mai filogin da maras shi, tukuna, domin kunne yakan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi kyau. Idan mai gyaran murya ne irin Auto-Tune, wanda ya fito a 1997, sa kunne ga hawa da saukar kalmomi. Hausa harshe ne mai karin sauti, in an matsa gyaran da yawa sai murya ta sandare, kalma ta fita daga kamanninta. Kalangu ma haka: daɗinsa yana cikin lanƙwasar da makaɗi ke yi idan ya matse tsarkiya a hammata, kuma filogin da ya shafe wannan ya yi ɓarna.

Sai ka ɗora shi a kan layuka da yawa, ka ga ko kwamfutar za ta fara tsinkewa. Adana aikin, rufe manhajar, sake buɗewa. Filogin ɗin da ya manta saitinsa ba abin riƙewa ba ne, musamman inda wuta ke ɗaukewa ba sallama.

Daga ƙarshe fitar da waƙar, ka tura ta waya, ka saurara ta ƙaramar lasifikarta, don ta nan mafi yawan mutanenmu za su ji ta. In kalmomin ba su fito sarai a waya ba, cire filogin ɗin.